Itatuwan marmari marasa ƙaya da sabon mai lambu zai fara da su

Yawancin 'ya'yan itacen da dajinmu ke bayarwa sai an sha sukar ƙaya kafin a kai su baki. Magarya da kurna da aduwa da tsada duk ƙaya gare su, dabino ma a gindin kowane reshensa akwai tsinke mai tsawon yatsa. A daji wannan ƙayar ce ke raba su da awaki da raƙuma. A tsakar gida kuwa, inda yara ke yawo ba takalmi, ana shanya, ana shara safe da yamma, reshen magarya ɗaya da ya faɗi ya isa ya kwantar da yaro. Sabon mai lambu ma kansa ƙaya tana hana shi koyo, domin itacen da kake jin tsoron sa hannu a cikinsa ba za ka yi masa aski a kan lokaci ba, ba za ka ɗaga ganyensa ka duba ƙwari ba, har sai ɓarna ta yi nisa.

Littattafan lambu na Turai da Amurka suna yawan kawo wasu tsirrai masu ƙananan 'ya'ya da ake kira bilakberi da rasberi, irin marasa ƙaya, a matsayin abin da sabon shiga zai fara da su. A can daidai ne. Amma waɗannan tsirrai sai sun sha sanyin da bai kai digiri 7 ba na ɗaruruwan sa'o'i kafin su yi fure yadda ya kamata, kuma hunturun Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bai kai nan ba. Wanda ke tsaunukan Jos ko Mambila yana iya gwadawa. Sauranmu abin da zai yi mana shi ne ƙananan itatuwan ƙasashen zafi, waɗanda za a iya tsayar da su a tsayin da hannu ke kaiwa. Guda huɗu ne nake ganin sun cancanci kuɗin sabon shiga: gwaba, gwanda, gwandar Masar, da lemun tsami irin wanda ba shi da ƙwallo, mai aure, wato wanda aka ɗora ido ko reshen irin da ake so a kan gindin wani lemo.

Kafin a je wurin masu sayar da dashe

Tambayar farko ba wace bishiya kake so ba ce, ruwa nawa za ka iya bayarwa daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu. Damina ba ta kashe dashe a ƙasarmu sai dai in ya zauna cikin ruwa, bazara ce ke kashewa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma rijiyoyi suka ja baya. Gwanda biyu masu 'ya'ya, da ƙaramar gwaba ɗaya, da lemo ɗaya, da gwandar Masar ɗaya, za su sha jarka biyu zuwa uku a rana a wannan lokaci. Idan ruwan gidanka na saye ne daga 'yan ga-ruwa, ka lissafa kuɗin wata uku tukuna. In ya yi yawa ka rage gwanda, ka bar gwaba da gwandar Masar, su ne masu juriyar ƙishi. Ruwan alwala da na wankin hatsi da na ɗaurayar kayan miya duk suna da kyau, kuma gidan da ya ja 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindin gwaba ya sauke rabin nauyin ban-ruwa. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada ya je gindin itace, gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa, bakin ganye ya riƙa ƙonewa.

Sai rana. Duka huɗun suna son hasken rana na aƙalla sa'a shida. A ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro za su yi tsawo su yi ganye, 'ya'ya kuwa sai kaɗan, ga saiwar babbar bishiya tana kwashe ruwan da ka zuba.

Sannan ka gwada ƙasar. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 60 da faɗin santimita 60, ka cika shi da ruwa da yamma. In ka wayi gari ruwa ya tsotse, wurin ya yi. In ka tarar da ruwa kwance, ko dai ƙasar laka ce ko akwai marmara a ƙasa. Marmarar da ba ta da kauri ana fasa ta da diga. In ta ƙi fasuwa, gwaba kaɗai za ta jure wurin, sauran sai a tara musu ƙasa a yi tudu mai tsayin kamu ɗaya a dasa a kai. Ka bar tazarar mita biyu zuwa uku tsakanin itace da bangon ɗaki ko ramin shadda.

Gwaba

Da za a ce mutum ya zaɓi guda ɗaya tak, gwaba zan ce ya ɗauka. Ba ta da ƙaya ko a reshe ko a ganye, tana yi a jigawa tana yi a laka, tana jure ƙishi, tana jure kwanciyar ruwa na 'yan kwanaki, kuma ko an yi mata askin da bai dace ba tohowa take yi. Ga shi sinadarin bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemun zaƙi kusan sau huɗu.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen saye. Yawancin gwabar da ake jerawa a bakin titi daga ƙwallo aka shuka ta, ita kuwa gwabar ƙwallo ba lallai ta ɗauko uwarta ba. Kana iya cin babbar gwaba mai farin ciki, ka shuka ƙwallonta, bayan shekara uku ka sami ƙanana masu tsami cike da ƙwallo. Wadda aka yi wa aure, ko aka cire daga reshen uwa, ita ce ke zuwa da irin da ka gani, kuma tana fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu, maimakon biyu zuwa huɗu.

Idan maƙwabcinka yana da gwabar da ka ci ka yaba, ba sai ka sayi komai ba. Da farkon damina ka zaɓi reshe mai kaurin yatsa wanda ya fara yin ƙwari. Ka zagaye shi da wuƙa a wuri biyu, tsakaninsu santimita biyu zuwa uku, ka ɓare ɓawon da ke tsakani, ka kankare santsin da ke kan itacen sosai. In ka bar santsin nan ɓawo zai sake haɗewa, saiwa ba za ta fito ba, kuma wannan ne ya fi ɓata aikin. Ka dunƙula ƙasa mai laima haɗe da ruɓaɓɓen taki a wurin, ka naɗe da leda, ka ɗaure sama da ƙasa tam. Bayan mako shida zuwa takwas za ka hango saiwa ta cikin ledar. Sai ka yanke reshen daga ƙasan ɗaurin, ka rage rabin ganyensa, ka sa shi a ledar dashe a inuwa na mako uku kafin ya je raminsa.

Gwaba da aka bari tana kai mita shida ko fiye, amma babu dalilin barinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar dashen ya kai ƙugu, ka datse kansa a tsayin santimita 60 zuwa 80. Rassa za su fito da yawa, ka zaɓi uku ko huɗu da suka kalli kusurwoyi daban-daban, ka cire sauran. Duk tohon da ya fito daga gindi ko daga saiwa ka tsige shi tun yana laushi. Daga nan duk lokacin da aka gama cin 'ya'ya ka rage kashi ɗaya cikin uku na tsawon rassan, ka cire waɗanda suka juya ciki ko suke gogar juna, ka riƙe ta a mita biyu zuwa biyu da rabi. Kada ka ji tausayin reshen da ka yanke. Gwaba a kan sabon toho take yin fure, saboda haka aski ƙara mata haihuwa yake yi.

Wannan halin nata yana ba ka damar zaɓen lokacin 'ya'ya. Gwabar damina ba ta cika zaƙi ba, kuma ita ce tsutsa ta fi ci. In ka yi aski a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, ka zuba taki, ka ci gaba da ban-ruwa, za ta yi sabon toho da fure, 'ya'yan su nuna bayan wata biyar zuwa shida, cikin rani. Sun fi zaƙi, sun fi tsabta, sai dai ban-ruwan ya zama wajibi ba fashi.

Tsutsar da ake tararwa a cikin gwaba ba daga cikinta take samuwa ba. Wani ɗan ƙuda ne mai ratsin ɗorawa yake huda ɓawo ya zuba ƙwai lokacin da gwabar ta fara ƙosawa. Mafi ɓarna a cikin irinsa daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya cika Afirka ta Yamma, yana cin mangwaro da lemo da gwaba. Feshi ba ya kai wa tsutsar da ta riga ta shiga ciki, kuma ba na son feshin guba a tsakar gida da yara ke tsinka su ci nan take. Abin da ke aiki shi ne sutura. Idan gwaba ta kai girman ƙwan zabo, ka sa mata 'yar jakar takarda ko ta yadi mara kauri, ka ɗaure a wuya. In leda za ka sa, ka yanke kusurwoyinta na ƙasa don gumi ya fita, in ba haka ba gwabar za ta dafu a ciki. Ka rage 'ya'yan zuwa ɗaya ko biyu a kowane ɗan reshe, su ne za su yi girma. Duk wadda ta faɗi ƙasa ka kwashe ta a ranar, ka ƙulle a baƙar leda ka bar ta a rana mako guda, ko ka binne ta zurfin rabin mita. In ka bar ta nan, tsutsar za ta shige ƙasa ta fito ƙuda bayan mako biyu ko ƙasa da haka. Akwai tarkon da ake sayarwa mai ƙamshin da ke jawo ƙudan, amma maza kaɗai yake kamawa, don haka taimako ne, ba ya maye gurbin sutura da shara.

Wani abin dubawa tun a wurin saye shi ne saiwa. In ka ga ta yi ƙulu-ƙulu, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani suka shige ta. Irin wannan dashen ba ya girma, ganyensa ya riƙa yin ja-ja yana bushewa, kuma zai kawo maka cutar cikin gida. Ka bar shi ko kyauta ne. Haka kuma kada ka dasa gwaba a inda aka daɗe ana noman tumatir ko kuɓewa suna tsumburewa.

Gwanda

Gwanda ita ce ke riƙe zuciyar sabon mai lambu kafin sauran su fara, domin daga shuka zuwa cin 'ya'ya wata tara ne zuwa shekara. Wurin da take ci kaɗan ne, mita biyu tsakanin ɗaya da ɗaya ya isa. Amma tana da sharuɗɗa biyu da ba ta sassautawa.

Na farko ruwa kada ya kwanta a gindinta. Kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa ya isa saiwarta ta ruɓe, sai ka ga ganyen ƙasa sun yi ɗorawa sun langaɓe, gindin ya yi laushi, iska kaɗan ta kayar da ita. A watan Agusta aka fi rasa gwanda. Ka dasa ta a kan tudu ko da ƙasarka jigawa ce, kwarin ban-ruwa kuma ya zagaye tudun daga waje.

Na biyu shi ne jinsi. Akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyun, kuma ba mai iya bambance su a leda, duk wanda ya ce maka ya iya cika baki yake yi. Sai sun yi fure, wata huɗu zuwa shida bayan shuka. Namiji furanninsa ƙanana ne masu yawa a kan dogon sili da ke reto. Mace furenta babba ne, manne da gangar jiki, gindinsa a kumbure, 'ya'yanta kuma su fito a dunƙule. Mai haɗe da biyun shi ma manne yake da jiki amma siriri ne dogo, 'ya'yansa dogaye, kuma ba ya bukatar kowa. Saboda haka ake shuka uku a kowane gurbi. In sun yi fure ka bar mafi kyau guda ɗaya, ka sare sauran daga ƙasa, kada ka tumɓuke don kada ka girgiza saiwar wadda ka bari. Idan duk mata ne suka rage, namiji ɗaya ya ishi mata goma, kuma in akwai shi a maƙwabta ya wadatar. Ana cewa in an buga wa namiji ƙusa ko an datse kansa zai koma mace. Kada ka ɓata wata shida na ruwa kana jiran wannan. Wanda ke son kauce wa cacar gaba ɗaya sai ya sayi irin kamfani kamar Red Lady, wanda ba ya fitar da namiji, sai dai ƙwallon da ka cire daga 'ya'yansa ba zai maimaita uwar daidai ba.

In daga gwandar da ka ci za ka ɗebi iri, ka zaɓi doguwa, ka murje ƙwallayen a cikin tsumma har santsin da ke lulluɓe da su ya fita, domin shi ne ke hana tsira. Ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku, ka shuka zurfin santimita ɗaya. Suna fitowa cikin mako biyu zuwa uku. Gwanda ba ta son a taɓa saiwarta, gara a shuka a gurbin kai tsaye ko a dasa tun tana da tsayin taƙi ɗaya.

Ka nemi wurin da katanga ta tare mata gabas. Daga can guguwar farkon damina ke zuwa, ita ce ke karya gwanda mai ɗauke da kaya, daga arewa maso gabas kuma iskar hunturu ke busowa ta yayyaga ganye. A tsakiyar hunturu girmanta yana tsayawa, a tsananin bazara kuma fure yana zubewa, duka biyun ba cuta ba ne. Cutar da za ka sa wa ido ita ce farin ƙwaro mai kama da auduga da ke taruwa a bayan ganye da wuyan 'ya'ya, ganye ya nannaɗe. Tun yana kaɗan ka cire ganyen da ya kama ka ƙone, ka wanke sauran da ruwan sabulun wanka cokali ɗaya a lita ɗaya, da yamma, sau ɗaya a mako. Farin ruwan da ke fita daga ɗanyar gwanda yana ƙona ido da fata, a ja wa yara kunne. Bayan shekara uku ta yi tsayin da ba a kaiwa, 'ya'yan sun ƙanƙance, sai a sare. Shi ya sa ake shuka sabuwa tun a shekara ta biyu.

Gwandar Masar

Ita ce mai ɓawo ƙulli-ƙulli, cikinta fari mai zaƙi da baƙaƙen ƙwallaye. Yawanci ba ta wuce mita uku zuwa biyar, kuma a cikin huɗun nan ita ce mafi ƙarancin shan ruwa, don haka ta dace da Katsina da Damagaram da sauran wuraren da damina gajera ce. Ana shuka ta daga ƙwallo kuma yawanci tana fitowa kusa da uwarta. Ƙwallon yana da tauri, a jiƙa shi kwana biyu ko uku kafin shuka, a ba shi wata guda ya tsiro. Tana fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu.

Da hunturu tana zubar da ganye ta tsaya tsirara. Masu sabon lambu sukan ɗauka mutuwa take yi, su yi ta ɗura mata ruwa har saiwa ta ruɓe. Hutu take yi. Ka rage ruwa, ka yi mata aski a lokacin, za ta toho da fure idan zafi ya shigo.

Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne fure da yawa, 'ya'ya kaɗan. Dalili kuwa furenta yana fara buɗewa a matsayin mace, sai daga baya ya saki garinsa na namiji, lokacin ɓangaren macen ya riga ya bushe, balle a busasshiyar iskarmu. Ƙudan zuma ba sa shiga, wasu ƙananan ƙwaro ne ke yi mata aikin, su ma ba kullum ake samunsu ba. Gyaran a hannunka yake. Da sanyin safiya ka nemi furen da ya buɗe sosai, ka karkaɗe garinsa a murfin kwalba. Ka nemi wanda bakinsa ya ɗan tsage kawai, ka buɗa shi a hankali, ka shafa garin a tsakiyarsa da ɗan burushi mai laushi ko gashin kaza, ka juya ya taɓa ko'ina. In gefe ɗaya kawai ya samu, 'yar za ta fito a karkace. Aikin minti goma ne, kuma bambancin da yake kawowa mai yawa ne. Ana tsinka ta idan ƙullayen sun rarrabu, tsakaninsu ya yi fari-fari, a ajiye a ɗaki kwana biyu ko uku ta yi laushi. In aka bar ta a sama fashewa take yi tsuntsaye su riga ka. Ƙwallonta akwai guba a cikinsa idan an tauna ko an daka, garinsa kuma yana illata ido, a koya wa yara tofarwa.

Lemun tsami, da inda ƙaya ke ɓuya

A nan ne aka fi yaudarar mai neman itace mara ƙaya. Lemun tsaminmu na gida, ɗan ƙarami mai ƙwallo, ƙayarsa gajera ce mai kaifi kuma tana ko'ina a jikinsa. Wanda ake nema shi ne irin Tahiti, mai manyan 'ya'ya da faffaɗan ganye, ba ƙwallo, ƙaya kuwa in ma akwai 'yar mitsitsiya ce nan da can. Tunda ba shi da ƙwallo ba a shuka shi, sai ta aure ko ɗaurin reshe. Duk wanda ya miƙo maka lemun da ba shi da tabon aure ya ce Tahiti ne, ka tambaye shi daga wace uwa aka ciro shi.

Ka riƙe wannan game da dangin lemo gaba ɗaya: duk wanda ya tsiro daga ƙwallo, ko na zaƙi ne ko tanjarin, yana yin manyan ƙayoyi a ƙuruciyarsa, kuma yakan kai shekara biyar zuwa takwas bai haihu ba. Mai aure yana farawa a shekara ta biyu ko ta uku da ƙaya kaɗan, domin idon da aka ɗora masa daga balagaggen reshe aka ciro shi. Amma gindin da aka ɗora auren a kai ɗan ƙwallo ne, mai ƙaya, mai ƙarfin girma. Yana fitar da toho daga ƙasan tabon, kuma in aka bar shi wata biyu zai shanye abincin ya kashe na sama. Mutane da yawa da ke cewa lemunsu ya rikiɗe ya zama mai ƙaya da 'ya'ya masu kaushin ɓawo, wannan ne ya same su. Ka riƙa duba gindin duk mako, ka tsige duk abin da ya fito a ƙasan tabon.

Wajen dasawa tabon auren ya tsaya aƙalla santimita 15 a saman ƙasa. In aka binne shi, ko aka bar ruwa yana taɓa gangar jiki, ɓawon yana tsagewa ya riƙa tsiyayar da ƙaro, bishiyar ta mutu a hankali. Ana cire 'ya'yan Tahiti suna kore masu sheƙi. In aka jira su yi ɗorawa a zafinmu, ƙasansu ruɓewa yake yi. Tsutsar malam-buɗe-littafi tana iya cinye ganyen ƙaramin dashe cikin kwana kaɗan, amma babba ce, da hannu ake tsince ta.

Ga masu neman dashe mai asali, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe, ya kamata a fara tambaya a can.

Waɗanda za a dakata da su

Rumman yana son ƙasarmu, amma ƙarshen ƙananan rassansa tsinke ne. Magarya mai aure, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa a Nijar, 'ya'yanta manya ne masu daɗi, sai dai ba ta rabu da ƙaya ba, gindin da aka ɗora ta a kai kuwa magaryar daji ce. Wurinta gona. Ayaba ba ta da ƙaya amma shan ruwanta ya fi ƙarfin mai saye da jarka. Yazawa da mangwaro sun fi ƙarfin ƙaramar tsakar gida, ga man da ke cikin ƙwallon yazawa yana ƙona fata.

Ranar dashe da abin da ke biyo baya

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli a yawancin ƙasar Hausa, don saiwa ta sami wata uku tana kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Ka haƙa ramin tun mako biyu kafin nan. Ƙasar sama ka ware ta gefe guda, ka gauraya ta da bokiti biyu na takin dabbobi da ya ruɓe har ya daina wari da zafi, da cikin tafi biyu na toka, ka mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Tsakanin gwaba da lemo ka bar mita huɗu, gwandar Masar mita uku.

A wurin saye kada girman dashe ya ruɗe ka. Mai tsayin santimita 40 zuwa 60 ya fi wanda ya kai ƙirji a cikin 'yar leda, domin wannan saiwarsa ta riga ta nannaɗe, ko ta huda leda ta shiga ƙasa an tsinke ta. Ka dasa da yamma. Ka yanke ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya, kada ƙasar ta wargaje, ka daidaita saman ƙasar leda da saman ƙasar rami, ka danna da hannu, ka zuba lita goma. Ka rufe kewayen da busasshiyar ciyawa ko ganyen darbejiya, amma ka bar tazarar taƙi ɗaya daga gindin saboda gara.

Takin zamani sai bayan mako shida, idan sabon ganye ya nuna dashen ya kama. Cikin tafi ɗaya na NPK 15-15-15 ya isa, a barbaɗa shi a zagaye daidai inda inuwar ganye ta tsaya, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. Sau biyu ko uku a shekarar farko, gwanda kuwa duk wata biyu. Wanda aka zuba a jikin gindi, ko a busasshiyar ƙasa, yana iya kashe dashe. A ranin farko kowane dashe ya sami lita goma duk bayan kwana biyu, da bazara kuma kullum in ƙasar jigawa ce. Ban-ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi a sama yake tsayar da saiwa. Wanda ba ya wuni a gida yana iya binne tulu mara fenti har wuya, kamu ɗaya daga gindin, ya cika shi ya rufe bakin, ruwan zai riƙa tsatsafowa kwana uku ko huɗu. Furen da gwaba ko lemo suka yi a watanni shidan farko a cire shi, jiki ake so su gina.

Mai zaman gidan haya ma yana da hanya. Rabin duro mai lita 100, a huda gindinsa wuri shida ko takwas, a ɗora shi a kan bulo, a cika da ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, zai riƙe lemun Tahiti ko gwaba shekaru. Sai dai duro yana bushewa da wuri, ruwa kullum ne, kuma na ƙarfe yana ɗaukar zafi, a naɗe shi da buhu ko zana.

Itacen da ba shi da ƙaya ba shi da abin kare kansa, kuma akuya ɗaya tana gamawa da dashen shekara guda kafin a idar da sallar la'asar. Kariyar a kafa ta a ranar dashe, ba washegari ba. Turaku huɗu da ragar waya mai tsayin mita ɗaya da rabi, nesa da dashen rabin mita ta kowane gefe, ita ce mafi dacewa domin iska da rana suna shiga. In babu raga, a jera bulo ko tubali a zagaye ana barin ƙofofi tsakaninsu, in aka toshe gaba ɗaya zafi zai dafa dashen a watan Afrilu. Kara da zana ma suna yi, amma gara tana bin su, sai an riƙa ɗagawa ana dubawa ana sabuntawa duk shekara. Kada a cire kariyar sai rassan ƙasa sun wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, gwanda kuwa a bar mata ita har ƙarshe, domin awaki da tumaki suna gaigayar ɓawonta ko ta girma.